Daga Filin Dawaki Zuwa Filin Jirgin Sama

Manomin ƙasar Gumel, in yana tsakiyar gonarsa ya ji rugugi a sama, ya kan ɗaga kai ya hangi jirgi can ƙololuwa, bai fi ƙwayar gero ba, ya ja farin zare a bayansa ya wuce. Wanda ke son shiga jirgin fasinja daga Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, sai ya hau mota zuwa Kano ko Dutse tukuna. Saboda haka mutane da yawa sun ɗauka jirgin sama abin manyan birane ne, ba ya sauka sai inda aka shimfiɗa masa kwalta mil biyu, aka gina masa bene mai gilashi. To, asalin abin ba haka ya ke ba. Jiragen da suka fara sauka Kano a filin wasan dawaki suka sauka, kuma an daɗe abin da ke tsare filayen jirgi a ƙasar nan bai wuce fartanya da gatari da hannun mutanen gari ba.

Hanyar gabas kafin jirgi

Tun kafin zuwan Turawa akwai babbar hanya wadda ta tashi daga Kano ta bi ta Gumel ta nufi Barno. Fatake na binta da kanwa da tufafi, alhazai kuma na binta da ƙafa ko bisa jakuna. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi wannan hanya. Ya bar Kano cikin watan Maris, ya yada zango a Gumel, bai isa Kukawa ba sai 2 ga Afrilu, watau ya yi fiye da mako uku yana tafiya. Mai niyyar Makka kuwa, in ya isa Barno tafiya ta fara ke nan. Gabansa akwai Wadai da Darfur da Hartum, sa'an nan Bahar Maliya. Waɗansu su kan yi shekaru a hanya, suna noma ko ƙodago don su sami guzuri. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu na nan a Sudan har yau.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma dogo ya kai Nguru, aka yi tasha a Gagarawa. Wannan ya sauƙaƙa ɗaukar gyaɗa da fatu, amma hanyar gabas ta zauna yadda ta ke. Jirgin sama ne ya zo ya taƙaita ta, kuma da ya zo, sawun alhazan nan ya biyo, sai dai shi daga gabas ya taso.

Zuwan jirage uku

Ranar 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku na sojan sama na Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira. Shugabansu wani hafsa ne, Arthur Coningham. Jiragen irin waɗanda a ke kira DH.9A ne, kowanne da fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, da inji guda, da wurin zaman mutum biyu kawai. Ƙashin jikinsu na katako ne, an lulluɓe shi da yadi mai ƙarfi. Matuƙi na zaune kansa a waje, iska na dukansa, abin da zai gane hanya da shi taswira ce da kamfas da idonsa.

Suka bi Kogin Nilu har Hartum, suka karya yamma ta Alfashir da Abeshe da Fallomi, wadda yanzu a ke kira Njamena, suka shigo Nijeriya ta wajen Barno. Ranar 1 ga Nuwamba suka bayyana a kan birnin Kano. Zamanin Sarkin Kano Usman ne, saura shekara guda Abdullahi Bayero ya hau, a Gumel kuwa Sarki Muhammadu na Kota ke bisa gado. A ran nan Kano ba ta da filin jirgi, don ba a taɓa bukatarsa ba. Abin da ke akwai shi ne filin da Turawa ke wasan dawaki, wanda masu wasan suka share suka daidaita don kada doki ya yi tuntuɓe. Ashe ƙasar da ta dace da kofaton doki ta dace da ƙafar jirgi. Nan jiragen suka sauka ɗaya bayan ɗaya, dubban mutane na kallo. Daga Kano suka leƙa Kaduna, sa'an nan suka juya gida, suka isa Helwan ran 19 ga Nuwamba. Tafiyar da ta kan ci wa alhaji shekaru, sun yi ta cikin kwana shida. A 2025 wannan sauka ta cika shekara 100.

Ƙungiyoyin masu ƙananan jirage

A wannan shekara ta 1925 wani abu ya faru a Ingila wanda ya shafi labarin nan. Kamfanin de Havilland, masu ƙera jirage, suka fito da wani ƙaramin jirgi mai suna Moth. Mutum biyu ya ke ɗauka, ba ya shan mai da yawa, ana kuma iya naɗe fikafikansa a tura shi cikin rumfa. Gwamnatin Ingila ta ga in ana son a sami matuƙa da yawa, ba za a dogara ga soja kaɗai ba. Sai ta taimaki waɗansu ƙungiyoyi da kuɗi, suka sayi irin wannan jirgi don koya wa mutanen gari tuƙi.

Ga yadda irin ƙungiyar nan ta ke. Mutum ɗaya ba ya iya sayen jirgi, ya biya makaniki, ya kuma tsare fili. Amma in mutum hamsin ko ɗari suka haɗu, kowa ya ba da kuɗin shiga da na shekara, sai a sayi jirgi ɗaya ko biyu, a yi hayar fili a bayan gari, a ɗauki malami guda da makaniki guda. Wanda ya tashi da jirgin sai ya biya gwargwadon sa'o'in da ya yi a sama. Sauran aiki kuwa, yankan ciyawa da gyaran shinge da rubuta littafin sauka da tashi, 'yan ƙungiya ke yi da kansu ranar hutu. Duk wanda ya san adashi, ko ya taɓa fita gayya, ya san wannan tsari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin waɗanda suka koyi tuƙi a irin wannan ƙungiya a London akwai wata mace, Amy Johnson, wadda akawu ce a ofishin lauya. A watan Mayu na 1930 ta ɗauki Moth ita kaɗai, daga Ingila har Ostareliya, cikin kwana 19. A Afirka ma an yi haka. A Nairobi ta ƙasar Kenya an kafa ƙungiyar masu jirage a 1927, tana nan har yau a filin da a ke kira Wilson. Filin ya zauna na ƙananan jirage, daga nan kuma likitoci masu tashi, waɗanda aka kafa aikinsu a 1957, su ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka masu nisa.

Yadda a ke tsare ƙaramin fili

Ƙaramin jirgi ba ya bukatar abu mai yawa. Yadi dubu na ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, ya ishe shi. Sai dai wannan yadi dubu yana son kulawa kullum. Da fari a sare itatuwa, a tone kututture, a cike ramuka, a daɓe. Sa'an nan a jera duwatsu a gefe a shafa musu farar ƙasa, don matuƙi ya gane iyakar fili tun daga sama. Jirgi ya kan sauka yana fuskantar iska, haka kuma ya kan tashi, saboda haka a kan kafa doguwar sanda a ɗaura mata wani buhun yadi mai baki biyu, iska na hura shi yana nuna inda ta fito. Inda babu wannan, sai a hura wuta da ɗanyen ganye, matuƙi ya dubi hayaƙi.

Abokan gabar fili suna da yawa. Gara ta kan tā da suri cikin 'yan kwanaki, suri kuwa in ya bushe ya isa ya karya ƙafar jirgi. Da damina ciyawa ta kan rufe alamomi, ruwa ya kwanta ya mai da wuri taɓo. Awaki da jakuna ba su san dokar kowa ba, mutane kuma su kan yanke hanya ta tsakiya zuwa kasuwa. A Kano, har cikin shekarun 1950, in jirgi ya kusa sauka akwai mutumin da ke kan raƙumi yana busa kakaki, don mutane da dabbobi su kauce. Baƙi daga Turai sun yi ta ɗaukar hotonsa. Akwai kuma abin da hannu ba ya gyarawa. Hazon hunturu ya kan ɓoye ƙasa, matuƙi ya yi ta kewaya bai ga fili ba. Hadarin farkon damina ya fi wannan haɗari. Ran 24 ga Yuni, 1956, wani babban jirgin fasinja na Ingila ya tashi daga Kano cikin hadari, iska ta danno shi ƙasa, ya bugi itace ya faɗi, mutum 32 suka rasu cikin 45.

Wasiƙu da yaƙi

Bayan saukar 1925 an yi shekara goma ba a sami jirgi mai zuwa a kan ƙa'ida ba. A watan Fabrairu na 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu daga Hartum zuwa Kano mako mako, da jirgi mai inji huɗu. Cikin Oktoba aka ƙara hanyar har Ikko, ta Kaduna da Minna da Oshogbo. Wasiƙar da ta kan yi makonni a teku sai ta riƙa isowa daga London cikin kwanaki. Daga nan Kano ta sami filin jirgi na sosai a arewacin birni, dawaki suka ci gaba da wasansu.

Yaƙin Hitila shi ya nuna amfanin wannan hanya. A 1940 Jamus ta ci Faransa, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama da wuyar ratsawa ga jiragen ruwan Ingila, ga kuwa sojansu a Masar suna neman jiragen yaƙi ido rufe. Cikin Agusta na shekarar, Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya ƙi bin waɗanda suka miƙa wuya ga Jamus, ya bi Janar de Gaulle. Wannan ya buɗe sararin Cadi. Sai aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, watau Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fallomi da Alfashir da Hartum har Masar, tafiyar kusan mil 4,000. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba, 1940. Jirgi mai inji biyu ke ja gaba da mai duba taswira, ƙananan jiragen yaƙi na biye kamar ayarin fatake da madugunsu. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. A 1941 Amirkawa ma suka shigo aikin. A zangunan Darfur, inda babu dogo, raƙuma ke kai fetur cikin garewani.

Wanda ke jiran jiragen nan a can hamadar Masar, yana shugabancin sojan saman da ke yaƙi da Jamus a wurin, shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka a filin dawaki. Ya zama babban hafsa ƙwarai. A watan Janairu na 1948 jirgin fasinjan da ya shiga ya ɓace a tekun Atlantika kusa da Bamuda, ba a sake ganinsa ba.

Manya sun girma, ƙanana sun kwanta

Da yaƙi ya ƙare, a 1946 aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, wanda ƙasashe huɗu suka yi tarayya a kansa, Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Ya fara da ƙananan jirage masu suna Dove, masu ɗaukar mutum takwas ko makamancin haka, suna zagaya hedkwatocin larduna. A 1958 Nijeriya ta ware nata kamfanin, wanda ya yi aiki har 2003. Kano kuwa ta zama babban zango, don jiragen Turai masu zuwa Kwango da Afirka ta Kudu dole su tsaya su sha mai bayan sun ƙetare Sahara. A 1957 aka buɗe sabon ginin saukar baƙi. Filin ne daga baya aka raɗa wa sunan Malam Aminu Kano.

Alhazai ma suka bar ƙafa. A 1948 waɗansu attajiran Kano suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da a ke kira Wapa, wadda har yau a ke kiran wani wuri a Fagge da sunanta. Da motoci aka fara, ba a daɗe ba aka koma ga jirgin sama. Mutumin Maigatari wanda kakansa ya yi shekaru kafin ya ga Jidda, shi sai ya kwana Kano ya isa cikin yini guda.

Amma girman nan ya zo da hasara. Da jirage suka ƙara girma sai suka bukaci kwalta mai tsawo da fitilu da motocin kashe gobara, abin da ƙaramin gari ba ya iyawa. Hanyoyin mota kuma suka gyaru. Ƙananan filaye da yawa waɗanda aka share a zamanin En'e sai aka daina sauka a kansu. Filin da ba a sauka ba wanda zai tsaya korar awaki. Ciyawa ta rufe waɗansu, aka nome waɗansu, aka yanka waɗansu fuloti. Kano kanta ta ɗanɗana, don da aka sami jirage masu dogon zango sai suka riƙa wucewa ta samanta ba su tsaya ba.

Ƙaramin jirgi bai mutu a Arewa ba duk da haka. Mishan na Jos sun daɗe suna amfani da shi don kai ma'aikatansu da marasa lafiya. Cikin shekarun 1960 an yi aikin likita mai tashi a Gusau, ana magana da ƙananan asibitocin ƙauye ta rediyo, in ciwo ya yi tsanani jirgi ya je. A 1964 kuma Gwamnati ta kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Filin Zariya shi ya fi kama da filayen ƙungiyoyin can na Ingila da Kenya. Ba na fasinja ba ne, ƙananan jirage ne ke tashi suna kewayawa suna sauka, malami a gefe, ɗalibi na riƙe da sanda. Nan matuƙan Nijeriya da yawa suka fara, har da Chinyere Kalu, macen farko a ƙasar da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, wadda daga baya ta shugabanci makarantar. Bambancin shi ne Gwamnati ke riƙe da Zariya, su kuwa waɗancan mutanen gari ne suka haɗa kuɗinsu.

Komawa Gumel

An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, a 2014 kuma aka buɗe babban filin jirgin sama a Dutse, alhazan jihar suka sami wurin tashi kusa da gida. Wannan alheri ne. Sai dai akwai ayyukan da babban jirgi ba ya yi. In jan-baki ya taso daga fadamun Haɗeja ya faɗa wa gero, ko fara ta ƙetaro daga Nijar, ƙaramin jirgi ne ke bi ƙasa ƙasa yana feshi, kuma kowace sa'a da ya ɓata wajen zuwa shan mai a nesa, tsuntsu na cikin gona yana ci. In mace ta kasa haihuwa a ƙauyen bakin iyaka, ko mota ta kife da 'yan kasuwar Alhamis ta Maigatari, tsakanin Gumel da manyan asibitocin Kano akwai mil 75 ko fiye. Mota mai lafiya ta kan yi wajen sa'a biyu, ƙaramin jirgi bai cika minti arba'in ba.

Ƙasar Gumel shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba kwari, damina gajeriya, sai dai yashi da ke son a daɓe shi da jar ƙasa. Yau ba a buɗe fili sai da izinin hukumar kula da jiragen sama, jirgi da mansa kuma suna da tsada, ba wanda zai ce abin mai sauƙi ne. Amma tarihin nan ya nuna inda wahalar ta ke. Share fili aikin wata guda ne. Tsare shi shekara da shekaru, a tone suri, a sāke farar ƙasa, a hana mai gona matsowa, shi ne abin da ya kā da filaye da yawa, shi ne kuma abin da ƙungiya ta kan iya inda ofis mai nisa ya kan manta. Masu dawakin Kano ba don jirgi suka daidaita filinsu ba, don wasansu suka yi, amma da ya ke suna kula da shi kullum, ran da baƙi suka zo daga Masar sun tarar da wurin sauka. Filin Nairobi ma an daɗe ana sauka a kansa, ƙungiyarsa kuwa ta kusa shekara 100 ba ta watse ba. Mutanen da suka iya riƙe kasuwar dabbobi kamar ta Maigatari, mako bayan mako, sun riga sun san yadda a ke tsare abin tarayya.